Kakarmu ta rasu, garin da ta zaunar sunan mijinta yake amsawa

'YarAnchau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya Allah ya yi wa kakarmu rasuwa, wadda ta haifi mahaifiyata, duk gari Iya ake ce mata. 'Yan gida suna cewa shekararta 115. Ita ce mace ta farko da ta kwana a tungarmu, can gabas da Anchau cikin ƙaramar hukumar Kubau. Daga ƙasar Rano suka taso ita da kakanmu, tana goye da ɗanta na fari, wurin kuwa daji ne sosai, sai kuraye da ƙudan tsando. Bukka ɗaya suka fara kafawa. Yau gari ne mai masallacin Juma'a da firamare da 'yar kasuwa. Haihuwarta 11, shida sun koma tun suna ƙanana. Ranar sadakar uku muka zauna lissafin zuriya, jikoki da tattaɓa-kunne da 'ya'yansu, muka haura 200.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Garin sunan kakanmu yake amsawa, Allah ya jiƙansa, shi kuwa ya rasu tun shekarar da aka kashe Murtala. Ita ta ƙara kusan shekara 50 tana riƙe da gidan. Amma masu zuwa gaisuwa cewa suke "matar wane ta rasu". To ina tambaya: wa ke kafa gari, wanda ya sari daji ko wadda ta sa dajin ya zaunu? Kuma yaya za mu yi kada ambatonta ya ƙare a kanmu?

MamanBiyu:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi. Babban bango ya faɗi.

Dattijo58:
Allah ya gafarta mata, ya kyauta namu zuwan. 'Yata, ba don in rage mata komai ba, amma maganar 115 ɗin nan a duba ta. A ƙauyukanmu da tsohuwa ta ga tattaɓa-kunne sai a ɗora mata 120, alhali ba wanda ya rubuta ranar haihuwarta. Me take tunawa? Wane sarki ta taras? Wace yunwa ta gani? Da haka ake gane shekarun mutanen da.

'YarAnchau:
Baba Dattijo, takan ce tana yarinya a Rano fara ta zo ta cinye musu gero, har aka riƙa kaɗa gwangwani da ƙwarya a gona ana kora. Ta ce da suka iso ƙasar Anchau sun taras ana saran bakin rafi bisa umarnin Turawa, Takalafiya kuma sabon gari ne, jinka ko baƙi ba ta yi ba. Sarkin Zazzau Ja'afaru take ambata. Aure kuwa ta ce bai fi shekara uku da ɗaurawa ba suka taso.

Ɗalibin_Tarihi:
To ai ta ba mu kalanda da bakinta. Saran rafin da ta gani aikin yaƙi da ciwon barci ne, wanda aka fara a Anchau a 1937. Cutar ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Zazzau a shekarun 1930. Ƙudan tsandon da ke yaɗa ta a inuwar itatuwan bakin rafi yake zama, daidai inda mata ke ɗebo ruwa da wanki. Shi ya sa aka sare kurmin rafuka a wani dogon zirin ƙasa mai kimanin murabba'in mil 700, wani masanin ƙwari mai suna T.A.M. Nash yana cikin masu jagorancin aikin. Aka tayar da mutum kimanin 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka tattara su a sababbin matsugunai, aka gina rijiyoyin siminti, aka kafa Takalafiya a gefen tsohon Anchau. Kowace shekara kuma sai mutane sun fita aikin gayya sun sake sare abin da ya toho.

Sarki Ja'afaru ya hau a 1937 ya rasu a 1959. Farar da ta gani ta farkon shekarun 1930 ce, lokacin ta addabi arewa shekara da shekaru. Idan sun taso wajen 1940, tana da 16 ko 17 da goyo a baya, haihuwarta ta faɗo 1923 ko 1924. Ɗari da 'yan kai ke nan. Da lissafin wata kuwa a ƙara uku, don shekara 100 ta rana daidai take da kusan 103 ta Hijira. Ko ta ina aka bi ta cika ɗari, ta kuma ga sarakunan Zazzau huɗu: Ja'afaru, Muhammadu Aminu, Shehu Idris da ya yi shekara 45, da mai ci yanzu.

Dattijo58:
Madalla. Wannan lissafin ya fi 115 nauyi a wurina, don yana da ƙafar tsayawa.

Bakanon_Rano:
Allah ya jiƙanta, ashe 'yar ƙasarmu ce. Amma 'yar'uwa, a kan tambayarki ni ban ga zalunci a nan ba. Namiji ne ke zuwa gaban dagaci ya nemi daji. Shi ke riƙe gatari, shi ke tone kututture, shi ke kwana da kwari da baka saboda kura. In malamin haraji ya zo, sunan maigida yake rubutawa, shi za a ɗaure in bai biya ba. Daga takardar haraji sunan ya bi wurin: Gidan Wane, Tungar Wane, Unguwar Wane. Ba raini ba ne, ɗaukar nauyi ne. Kuma matan Hausawa Musulmi ai a kulle suke, wane saran daji za su yi?

Bagobira_Dakoro:
Malam Bakano, wane kulle cikin daji? Kulle sai da katanga da rijiya cikin gida da mai aike. Kakata daga wajen Tibiri sunka taso sunka yi arewa, ƙasar Dakoro, zamanin da ruwan sama ke da yawa, manoma na ta kutsawa cikin ƙasar makiyaya, har gwamnatin Nijar ta yi doka a 1961 ta shata iyakar da noma zai tsaya. Kafin su samu rijiyarsu, ita ka tashi tun assalatu da jaki da salka ta tai neman ruwa, sai rana ta yi tsaka ta komo. Sa'ad da maza ka gina rijiya, wata da watanni suna cikin rami, wa ka kawo musu hura? Wa ka sussuka, wa ka surhe? Bayan wannan tana da gamanarta, gonarta ta kanta, tana noma ta da hannunta. Farin 1973 maza sunka watse, wasu Maraɗi, wasu Kano. Ita da tsohuwa guda da yara sunka rage, da ganye da dussa sunka riƙe rai har damina ta komo. Da ta bi su, yau babu garin. An sake irin haka a 1984. Amma sunan garin na mijinta ne, kamar na 'YarAnchau.

Manomi_Kubau:
Ni ɗan yankin ne, kuma manomi, bari in faɗi abin da na sani. Har gobe mutane na zuwa daji su yi tunga. Maza su tafi da bazara su yi sassabe, su kafa bukka, su yi noma, da kaka su ɗaure dammansu su koma gida. Shekara goma ana haka wurin bai zama gari ba, zaman noma ne. Ranar da mace ta yarda ta yi rani a wurin, ranar gari ya fara. Don ita za ta kafa murhun da ba a tashinsa, ta kawo kaji da awaki, ta haihu a wurin, a yanka ragon suna a wurin. In yaro ya koma a binne shi a wurin, daga nan kuma ba mai son barin kabarin ɗansa. Mace ta biyu ma ba ta yarda ta zo sai ta ji akwai wata da za ta karɓi haihuwarta. Saboda haka Bakanon_Rano ya yi gaskiya a kan gatari, amma gatari gona yake yi.

'YarAnchau:
Yaya Manomi, kamar ka san Iya. Ita ce ungozomar garin har ƙarfinta ya ƙare. Limamin da ya yi mata salla ma ita ta yanke masa cibi. Ta sha ba mu labarin raninta na farko: kakanmu ya koma Rano ɗauko ƙanensa, ya bar ta da jariri da tsohon kare. Dare ya yi ta hura wuta a bakin bukka, ta kwana zaune.

Bakanon_Rano:
Ban musa wahalarsu ba. Abin da na ce, suna yana bin wanda hukuma ta sani.

Zazzagawa_Asali:
Kada a manta, ai akwai garuruwan da ke amsa sunan mata. Zariya kanta, bisa tarihin baka, sunan 'yar Bakwa Turunku ne, ƙanwar Sarauniya Amina. Daura kuma ga Daurama.

Ɗalibin_Tarihi:
Gaskiya ne, amma waɗannan 'ya'yan sarauta ne, mulki ya riƙe sunansu. Maganar 'YarAnchau a kan matar talaka ce, mai dutsen niƙa. Game da kulle kuma, masu binciken da suka zauna a ƙauyukan Zazzau wajen 1950 sun lura cewa ya ƙara yaɗuwa a karkara ne bayan an hana bauta, don noma a fili ana ganinsa aikin bayi mata, duk wadda ta sami 'yanci sai ta so ta bar shi. To amma wannan a garin da ya zaunu ne. A sabuwar tunga ba wanda ke da halin kulle matarsa.

Sadiya_Kd:
Ni abin da ke ba ni mamaki tsawon ran nan. Shekara ɗari! Abincinsu ne wallahi. Tuwon dawa, miyar kuka da daddawar kalwa, man shanu, fura da nono, zogale. Ba sukari, ba lemon kwalba, ba ɗanɗanon kanti. Ga tafiyar ƙasa, ga daka. Mu yanzu shekara 40 sai hawan jini.

NasMaiJinya:
Anti Sadiya, abincin yana da kyau, aikin jiki ma haka, ba na ja. Amma ki sake karanta saƙon farko: ta haifi 11, shida sun koma. Tuwon nan dai uwarsu ke ci. Ƙyanda, zazzaɓi, gudawa, sanƙarau, agana, su suka kwashe su. Agana ba a rabu da ita a Nijeriya ba sai 1970, bayan gagarumin aikin lamba. Sa'o'in Iya nawa ne suka tafi a wurin haihuwa suna da shekara 15 ko 20? Ba mu ganinsu ne don ba su kai ga zama kakar kowa ba. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kunun kanwa ma, likitoci a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Iya Allah ne ya ba ta jiki mai ƙwari da nisan kwana. A yi koyi da cimarta, amma kada a ce zamaninsu ya fi lafiya.

MamanBiyu:
Shida fa. Ni ɗaya na rasa, har yau in na tuna sai na nemi wuri na zauna. Allah ya sa masu ceto ne.

'YarAnchau:
Amin Maman Biyu, Allah ya jiƙan naki. Iya ba ta cika maganarsu ba, amma sunayensu duka shida tana jerowa a tsare har ƙarshen ranta, lokacin da namu sunayen ma sun fara rikice mata.

Dattijo58:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Da maigidan ya rasu a 1976, yaya aka yi da gonakin? Don a nan ake gane matsayin mace a gida, ba a sunan gari ba.

'YarAnchau:
Baba ka taɓo inda ke ciwo. Ba a raba ba a lokacin. Ita ta hana, ta ce gandu ba zai watse tana raye ba, kawunnaina uku suka ci gaba da noma tare, rumbu ɗaya, ita ke fitar da awo. Haka aka yi shekara wajen 15. Da iyalai suka yi yawa aka raba, mazan suka kasa gonakin uku. Mahaifiyata da ƙanwarta aka ce ai suna gidan miji, aka ba su damin dawa da akuya bibbiyu. Iya kanta aka bar mata gayaunarta ta bayan gari da itatuwan da ta dasa, mangwaro da ɗorawa. Tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon mijinta, ba wanda ya fitar.

MalamNaTsangaya:
Allah ya jiƙan baiwar Allah. 'Yata, wannan rabon ba na shari'a ba ne, al'ada ce, kuma ta saɓa. Aya ta 7 cikin Suratun Nisa'i ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Aya ta 11 da ta 12 suka fayyace: namiji yana da rabon mata biyu, matar mamaci tana da tumuni in ya bar 'ya'ya, in matan sun fi ɗaya su raba tumunin. Ba inda aka ware gona aka ce ta maza ce. Da 'ya'ya maza uku da mata biyu, bayan fitar da tumuni kashi takwas za a yi, kowace mace ta ɗauki ɗaya, kowane namiji biyu. Daɗewa ba ta kashe hakki, sai in masu shi sun yafe da ransu, ba don kunya ba.

Yanzu kuma ga gado na biyu ya faɗo, nata. Gayaunar, itatuwan, dabbobinta, da tumunin da ba a ba ta ba, duk dukiyarta ce, za a raba wa 'ya'yanta da ta bari a raye, maza da mata. Jikan da mahaifinsa ya riga ta rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye, sai in ta yi masa wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Ku nemi malamin da ya san fara'ili ya zauna da ku tun zukata na da taushi.

Bagobira_Dakoro:
Allah shi gahurta Malam, ina da tambaya. Na ji ana cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tashi ce. To macen da ta kwashe ƙirare, ta yi shibka, ta ɗebo ruwan da masu sassabe sunka sha, ba ta raya ba?

MalamNaTsangaya:
Hadisin ya tabbata, kuma bai ware mace ba. Filin da ta sare ko ta dasa da hannunta da niyyar nata ne, nata ne, shi ya sa gayaunar Iya ba ta cikin gadon mijinta. A mazhabarmu ta Malikiyya in dajin na kusa da gari sai da izinin shugaba. Abin da suka yi tare kuwa, yana komawa ga abin da suka yi nufi da wanda aka ba izinin. Ba zan yanke hukunci a kan gonar da ban ji daga ɓangare biyu ba.

Bakanon_Rano:
A nan kam ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Hana mata gona ba daidai ba ne, kuma ana yi a wajenmu ma. Sai dai mu faɗi dalilin da ya sa tsofaffi ke yi: tsoron kada gonar gida ta koma hannun surukai, wani daga wani gari ya zo ya sayar. Ga shi kuma gonar da ta ciyar da gida ɗaya a 1940 yau mutum 200 ke kallonta. Ko an raba daidai kowa ɗan zirin da bai kai a ɗaure akuya ba zai samu.

Sadiya_Kd:
To in kaɗan ne ai ayar ta ce ko kaɗan ne. Kuma ɗa namiji ma yana sayarwa, mun gani.

DanMaiurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Garinmu Maiurno, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, sunan Muhammadu Bello Mai Wurno yake amsawa, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya yi shahada a Burmi a 1903. Kowa ya san wannan. Amma jama'ar da suka biyo shi da waɗanda suka zo daga baya da niyyar hajji, har da mata a cikinsu, da ƙafa suka ratso Borno da Wadai da Darfur. Kakar mahaifina a hanya ta haihu, a hanya ta yaye. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma shekara ɗaya ko biyu, ita tana soya ƙosai tana kaɗi, a tara a ƙara gaba. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925 ta yi tsinkar auduga har bayanta ya ranƙwafa. Abin da nake so in ce, in yau ina rubuta muku Hausa bayan shekara sama da ɗari, ba daga maza na samo ta ba. Su Larabci suke yi a kasuwa. Hausar a tsakar gida ta rayu, wurin tatsuniya da faɗa da miyar kuka. Wannan ma gado ne, ba a kuma kasa shi takwas.

MamanBiyu:
Allahu akbar. Sannu ɗan'uwa, Hausarka kuwa tas.

Hajiya_Funtuwa:
Ni dai ina ganin ku yara kuna neman abin da su ba su nema ba. Na zauna da surukata shekara da shekaru, irin su Iya ce. Da za ka ce mata a sa wa gari sunanta, rufe fuska za ta yi ta ce ka rufa mata asiri. Darajarsu a wurinsu ita ce a ce gidan wane ya yi albarka. Kuma ambatonsu bai ɓace ba: kowane ɗa da jika sai ya yi mata takwara. 'YarAnchau, ƙirga mana masu sunan Iya a zuriyarku.

'YarAnchau:
Hajiya, sun kai 14, har da 'yata. Amma kin san yadda ake yi. Saboda alkunya ba mai kiransu da sunan, sai Ummi, sai Mama, sai Iyami, sai Walida. Ranar gaisuwa na tambayi samarin gidanmu sunan Iya na yanka, da yawansu ba su sani ba. Sunan mahaifinta da unguwarsu a Rano kuwa, mahaifiyata kaɗai ta riƙe. Na kakanmu yana kan allon firamare da katin zaɓe na kowa.

Hajiya_Funtuwa:
To wannan kam a gyara. Kunya daban, mantuwa daban.

Ɗalibin_Tarihi:
Bari in kawo misalin da ya dace da ƙasar Zazzau ɗin. Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, an haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951 a Giwa. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi littafi a 1954. Ta faɗi zamanin harin bayi, zuwan Turawa, aure da saki, ƙawance, biki, yadda ake karɓar haihuwa, don ita ma ungozoma ce. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, riƙo ta yi. Ba ta da jika 200. Amma yau ana karanta maganarta a jami'o'in duniya, sa'o'inta masu zuriya cike da gari kuwa ko sunansu ba a sani ba. Bambancin kawai an samu wanda ya zauna ya saurara ya rubuta. Yawan zuriya ba ya adana labari, don kowa na zaton wani ya riƙe.

'YarAnchau:
Ina da 'yan muryoyinta a waya. Waƙar niƙa guda biyu, da labarin tasowarsu, da inda take lissafa matan da suka biyo bayanta ɗaya bayan ɗaya da garuruwan da suka fito. Wani ƙanena ma yana da na ranar da ta ba da labarin hajjinta, don da kuɗin shanunta ta je, waɗanda ta tara daga awaki, awakin kuma daga daddawa da man gyaɗa.

NasMaiJinya:
Yau ɗin nan ki tura su wayoyi uku ko huɗu, ki aika wa kanki ta imel. Waya faɗuwa take yi a ruwa. Sannan ki zauna da mahaifiyarki da ƙanwarta, su ma ba yara ba ne.

MalamNaTsangaya:
Rubutun yana da kyau. Amma abin da zai isa gare ta inda take, Manzon Allah (SAW) ya faɗa cikin hadisin Muslim: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi mata addu'a. Mutum 200, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ai rijiya ko burtsatse ba za ta gagare ku ba. Wadda ta sha wahalar ruwa, ba abin da ya dace da ita kamar ruwa. Sai dai ina jan kunne: a fara da mayar da hakkin gado. Ba a yi wa uwa sadaka da hannun dama ana riƙe da gonar 'ya'yanta mata da hagu.

Zazzagawa_Asali:
In an yi burtsatsen a rubuta cikakken sunanta da na mahaifinta a jikin tankin. Ko Islamiyyar matan aure a sa mata sunanta, yanzu ana yi.

Dattijo58:
Rubuta suna a kan sadaka ni bai kwanta mini ba. Allah ya san mai ita.

Bagobira_Dakoro:
Baba, ai ba ita ta rubuta ba balle a ce riya. Kuma mai shan ruwa in ya ga suna ya yi addu'a da suna.

Bakanon_Rano:
Har yanzu dai ina kan bakana cewa wanda ya nemi daji ya biya haraji shi ya kafa gari, kuma ba na son a rage wa mamacin nasa don a ƙara wa matarsa. Amma 'yar'uwa, ki tambayi mahaifiyarki sunan unguwarsu Iya a Rano ki turo mini ta akwatin sirri. Ina zuwa gida ƙarshen wata. In akwai sauran danginta zan nemo, ya kamata su ji rasuwar.

Manomi_Kubau:
Kafin a kai ga burtsatse, 'YarAnchau, akwai abin gaggawa. Ɗorawa da mangwaron da ta dasa, ku sa ido. Na ga yadda ake yi a yankinmu: tsohuwa na rasuwa masu gawayi da masu katako sun iso da injin yanka, wani jika ya karɓi kuɗi a ɓoye, kafin arba'in an kwantar da itacen da ya shekara 70. Ku gaya wa mai unguwa tun yanzu cewa itatuwan na cikin gadon da ba a raba ba. Kawunnan naki uku duk suna raye? Kuma wa ke noma gayaunar a daminar bana?